Ina Ɗan Kasuwar Da Giya Ta Kama Zai Nufa A Injamena?

Duk wanda ya saba bin hanyar Gamboru Ngala zuwa Kusuri, ya ƙetare gadar Ngueli ya shiga Injamena, ya san akwai maganar da ba mu cika yi a fili ba. Wasu 'yan uwanmu da ba su taɓa kusantar kwalba a Kano ko Maiduguri ba, da zarar sun ga babu idon sani sai su faɗa mashaya. Tun ana yi jefi-jefi har abin ya zama jiki. Daga nan sai uwar kuɗi ta fara zagwanyewa, amanar kayan mutane ta salwanta, iyali a gida su ji shiru.

Matsalar ba ƙarama ba ce a Chadi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2014 ya nuna cewa akasarin manyan ƙasar ba sa shan giya, amma waɗanda ke sha, kowannensu kan kwankwaɗi kusan lita 34 na tsantsar sinadarin barasa a shekara, abin da ya sanya su a sahun gaba a duniya. Ga giyar kwalba irin su Gala, ga bilbil wadda mu muka sani da burkutu, ga kuma arge mai ƙarfin gaske. A rahotonta na 2024 hukumar ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya cikin 2019.

A Nijeriya an fi bin hanyar hani. Hisbah a Kano kan farfasa kwalabe, hukumar NAFDAC kuma ta fara aiwatar da haramcin giyar leda a 2024. Wannan na iya rage yawan masu farawa, amma wanda jikinsa ya riga ya saba, hani kaɗai ba ya warkar da shi.

A nan ne batun zaman taimakon juna ya shigo. A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya biyu, Bill Wilson, wanda dillalin hannun jari ne, da likita Bob Smith, suka gano cewa wanda ya ɗanɗani wahalar giya ya fi kowa iya riƙe ɗan uwansa. Daga nan aka samu ƙungiyar Alcoholics Anonymous. Tsarinta mai sauƙi ne: babu kuɗin shiga, ba a bayyana cikakken suna, abin da aka faɗa a wurin nan ake barinsa. Wani nazari da cibiyar Cochrane ta fitar a 2020, wanda ya tattara bincike 27 kan mutum fiye da dubu 10, ya nuna cewa wannan hanya ta kai, wani lokaci ma ta fi, sauran hanyoyin ba da shawara wajen sa mutum ya daina sha ɗungurungum.

To, a Injamena ina za a dosa? Akwai cibiyar CEDIRAA ta cocin Katolika, wadda aikinta shi ne kula da masu fama da giya. Akwai kuma Croix-Bleue ta Chadi, reshen wata ƙungiya da aka kafa a Janeba a 1877, wadda ta yi aikin faɗakarwa a makarantu da cikin 'yan acaɓa. Ga kuma likitocin Babban Asibitin Ƙasa.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya. Duka ƙungiyoyin biyu tushensu na Kirista ne, kuma Faransanci da Larabcin Chadi ne harsunan harka a birnin. Bahaushe Musulmi mai rumfa a kasuwar Dembe ko Kasuwar Gero zai yi nauyin ƙafa, don tsoron kada a gan shi a ce ga Alhaji wane. A wajen ɗan kasuwa suna shi ne jari, domin yawancin cinikinmu a kan bashi da yarda yake tafiya. Shi ya sa mutum kan gwammace ya ɓoye, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A ganinmu gyaran yana hannunmu. Neman magani a wurin wanda ya iya ba barin addini ba ne, kamar yadda muke zuwa asibitin mishan idan ciwo ya kama mu. Haka nan babu abin da ya hana shugabannin 'yan kasuwa, masu masauki da limamai su ba da ɗaki ɗaya, inda mutum biyar ko shida masu son tuba za su riƙa haɗuwa duk mako suna magana da Hausa. Sharaɗin kawai shi ne rufin asiri, ban da gori, ban da kai rahoto. Mu tuna cewa ko a Musulunci haramcin giya daki-daki ya sauka.

Gargaɗi ɗaya tilo. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, domin cikin kwana biyu zuwa uku yana iya kamuwa da karkarwa, jijjiga da gushewar hankali, har ta kai ga rasa rai. A fara ganin likita, sannan zama da 'yan uwa ya biyo baya.

Muna yi wa wanda gobara ta cinye wa rumfa karo-karo. Wanda kwalba ke cinye wa rumfa ma ɗan uwanmu ne.