Kwano na mai gida, duhu na ɗan haya: ina rabonmu a tallafin sola?



Duk wanda ya ratsa unguwannin masu hali a garin nan zai ga farantan sola sun lulluɓe saman gidaje. Bankuna sun sa, gidajen mai sun sa, manyan makarantu sun sa. Kai, har fadar shugaban ƙasa an ware mata naira biliyan 10 a kasafin 2025 domin ta koma sola. Idan wanda wutar ƙasa take hannunsa ya nema wa kansa mafita, ai ya gama faɗa mana halin da ake ciki. To mu 'yan haya fa, wa ya tuna da mu?

Da yawanmu a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Ijora da Ajegunle gidan haya muke zaune, irin mai ɗakuna goma ko ashirin a jere, ƙofa na kallon ƙofa, mita ɗaya tal. Duk ƙarshen wata sai an yi rigimar raba kuɗin wuta, wane yana da firji, wance tana guga. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta taɓa dubu a ƙarshen 2024. A watan Afrilu 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit. Rukunin nan da layin da ke kawo wuta unguwa ake yanke shi, ba a duba aljihun mutum, don haka mai gadi da mai kamfani farashi ɗaya suke biya idan layi ya haɗa su. Rangwamen da aka tanada wa wanda ba ya shan fiye da yunit 50 a wata kuwa, gida mai mita ɗaya da iyali goma sha biyar har abada ba zai gan shi ba.

Mu yi lissafin ƙaramin janareta. A ce lita ɗaya kawai mutum ke ƙonawa kullum, a ce kuma lita naira 900 ce. Naira 27,000 ke nan a wata, fiye da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato naira 70,000. Ga hayaƙin da ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan an kunna shi a soro saboda tsoron ɓarayi. Babu wanda ya fi mu buƙatar sola, kuma babu wanda ta fi yi wa nisa.

Dalilin a fili yake. Kwanon rufi na mai gida ne, kuɗin wuta na ɗan haya ne. Mai gida ba zai zuba miliyoyi domin rage wa wani nauyin da ba a kansa yake ba. Ɗan haya kuma ba zai kafa kaya a rufin da gobe za a iya ba shi takardar tashi ba, ko da yana da kuɗin. Idan aka yi dace mai gida ya sa, sai ka ji haya ta ninka, an kori masu ƙaramin ƙarfi an kawo wasu. Duk wani shirin tallafi da bai warware wannan ƙullin ba, ba don mu aka yi shi ba.

Ba mu ce gwamnati ba ta da shiri ba. A watan Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, REA, ke gudanarwa, da nufin kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Muna murna da duk ƙauyen da ya samu haske, can muka baro iyayenmu. Amma kuɗin ta hannun kamfanoni yake bi, ana biyan su gwargwadon wuraren da suka haɗa wa wuta. Ɗan kasuwa kuwa inda aiki ya fi sauƙi yake nufa: gida mai mutum ɗaya da zai sa hannu, ko mai albashin da za a riƙa cira. Gidan da sai an sasanta mai gida, ejan da iyalai ashirin, wa zai kula shi idan ba doka ce ta ce a kula ba? Iyakar rabonmu ƙaramin faranti mai ƙwai biyu da cajin waya, wanda ba ya ɗaukar firjin mai sayar da zoɓo ko keken tela.

Kada wani ya ce matsalar ba ta da magani. Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka ta fuskanci irinta, ta kuma yi doka a 2015 wadda ta haifar da shirin SOMAH, aka fara karɓar masu nema a 2019. Ana ware har dala miliyan 100 a shekara daga kuɗin takardun izinin fitar da hayaƙi, domin kafa megawat 300 a rufin gidajen haya na masu ƙaramin ƙarfi, masu sassa biyar zuwa sama. Sharuɗɗan ne abin dubawa. Aƙalla kashi 51 cikin ɗari na wutar dole ya zama na 'yan haya, kuma a takardar kuɗin wutar kowannensu ake ganin ragin. Tallafin da ake bayarwa kan kason 'yan haya ya kusa ninka na kason mai gida sau uku, don haka ribar mai gida tana cikin ba su kaso mai yawa. An hana shi ƙara haya da sunan sola. Kamfanin da ya karɓi aikin kuma dole ya ɗauki masu koyon sana'ar.

Mun san za a ce Legas ba Amurka ba ce, mu mita ɗaya gare mu, wutar ma ba ta tsayawa. Gaskiya ne, shi ya sa namu sai da batir da ƙaramar mita a kowane ɗaki. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 2018, ƙarƙashin wani shirin REA, aka jera faranti a rufin kasuwar Sabon Gari ta Kano, shaguna na shan wuta daga wuri ɗaya, kowa na biyan nasa. Abin da ya yiwu ga shaguna a jere, me zai hana shi yiwuwa ga ɗakuna a jere?

Uzurin cewa lantarki na Abuja ne shi ma ya ƙare. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar lantarki ta Legas a watan Disamba 2024, jihar tana da hukumarta mai sa ido. Saboda haka ƙofar da za mu buga tana nan Alausa, kuma ga abin da muke nema.

A ware kaso na musamman na duk tallafin sola domin gidajen haya masu ɗakuna da yawa. A rubuta cewa mafi yawan wutar ta ɗakunan 'yan haya ce. Mai gidan da ya karɓi tallafi ya sa hannu ba zai ƙara haya ko ya tashi kowa saboda sola ba har tsawon wasu shekaru, idan ya saɓa ya mayar da kuɗin. Dokar haya ta 2011 ta ba ɗan haya damar kai ƙarar ƙarin da ya wuce hankali, amma mai tura baro yaushe zai bar nemansa ya yi zaryar kotu? Sharaɗin ya zauna a cikin yarjejeniyar tallafin tun farko, in ba haka ba za a koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sannan a koya wa matasan unguwa haɗawa da gyarawa, musamman waɗanda hana acaɓa ya zaunar.

Saura mu. Ranku ya daɗe sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyi, duk lokacin zaɓe 'yan siyasa suna zuwa gaishe ku. A wannan karon a miƙa musu wannan buƙatar a rubuce kafin a karɓi buhun shinkafa. Alhazanmu masu gidajen haya kuma, ku fara nuna misali, kada a ji ku cikin masu ninka haya. Mu kuma mu nemi maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo, domin mita ɗaya muke rigima a kanta, zafi ɗaya muke kwana a ciki, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Kowace unguwa ta fara ƙidaya gidajen haya nata: ɗakuna nawa, mita nawa, nawa ake kashewa a mai duk wata. Da wannan lissafin za mu tunkari 'yan majalisar jiha, tun kafin a gama rabon a ce ba mu zo ba.

Allah Ya kawo mana sauƙi.