Kafinta Ma Ɗan Fim Ne

Duk wanda ya taɓa shiga gidan silima a zamanin da ake yayin fina-finan kaboyi ba zai manta da Django ba, wato fim ɗin nan na ƙasar Italiya da Sergio Corbucci ya shirya a shekarar 1966. Abin da aka fara gani a cikinsa shi ne ɗan wasa Franco Nero yana jan akwatin gawa cikin taɓo, daga baya aka ga ashe babbar bindiga ce ɓoye a ciki. Jama'a sun riƙe sunan ɗan wasan har yau, amma da wuya a sami wanda ya tambayi ko wane kafinta ne ya haɗa akwatin, alhali kuwa in da an cire shi da labarin bai tsaya da ƙafarsa ba.

Sanin kowa ne cewa akwatin da ake yi domin fim ya bambanta da na binne mamaci. Na fim dole ya zama mara nauyi domin 'yan wasa su iya ɗaukarsa sau goma ko ashirin a yini ɗaya. Dole a huda masa kafofin shan iska, a kuma yi masa murfin da mai rai zai iya turewa daga ciki. Sau da yawa akan yi gefensa yadda za a zare, domin na'urar ɗaukar hoto ta leƙa ciki. Bayan haka sai mai fenti ya dafe sabon katako har ya yi kama da wanda ya shekara a ƙasa. Idan kuwa labari ya ce za a fasa akwatin ko a ƙona shi, sai an tanadi irinsa da yawa. Alal misali, fim ɗin Buried na shekarar 2010, wanda aka ɗauka a Basalona ta ƙasar Sifen, dukkan labarinsa a cikin akwati ya gudana, kuma sai da aka haɗa akwatuna 7 kafin a kammala shi.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Bahaushe da akwatin gawa, tun da yake likkafani da makara aka sani a ƙasar nan. Gaskiya ne, kuma a nan darasin yake. Kowane fim yana bukatar kayan da suka dace da mutanensa da zamaninsa. Makarar da za a ɗauki ɗan wasa a kai, da karagar sarki, da ƙyauren zaure, da akushi, da kwarin maharbi, duk sai an sami mai hannu ya yi su daidai. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a shekarar 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna cewa ana iya maido da zamanin da ya wuce a gaban ido in an kula da tufafi da kayan aiki. Tun daga fitowar Turmin Danya a Kano a shekarar 1990 harkar fim ɗin Hausa ta bunƙasa ƙwarai, amma har yanzu akan ga labarin zamanin sarakuna, ga kujerar roba a gefe ko bokitin zamani a tsakar gida. Irin wannan sakaci yana zubar da darajar fim, yana kuma koya wa yara tarihin da ba shi ne ba.

Akwai kuma batun rai. A watan Oktoba na shekarar 2021, a jihar New Mexico ta Amurka, bindigar da ake amfani da ita wajen shirya fim ɗin Rust ta tashi da harsashin gaske, ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins. In har haka ta faru a ƙasar da ke da dokoki da ƙungiyoyin ma'aikata masu ƙarfi, to babu dalilin da zai sa a bar kayan wasa a hannun duk wanda aka ga dama. Akwatin da ba shi da kafar iska, ko makarar da ƙusarta ta kwance, suna iya mayar da wasa makoki.

Bisa ga haka ya kamata hukumomi su dubi wannan sana'a da idon basira. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da aka kafa a shekarar 1979, wadda ke da makarantar koyon fim a Jos, da Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa da aka kafa a shekarar 1977 mai hedkwata a Kaduna, su ne ya fi cancanta su haɗa kai su tsara ɗan gajeren kwas domin kafintoci da maƙera da dukawa da masu fenti. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda ta fara aiki a shekarar 2001, ita ma tana iya sharɗanta wa kowane mai shirya fim ya bayyana wanda ke kula da kayan wasansa, a kuma rubuta sunansa a ƙarshen fim kamar yadda ake rubuta na sauran ma'aikata.

Su kuma ɗalibai, ya kamata su daina ɗaukar cewa fim bai wuce tsayawa gaban na'ura ba. A bayan kowane tauraro akwai masu zarto da guduma da suke cin halalinsu, kuma ƙofar wannan aiki ta fi ta ofis faɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan ma'aikatun ilmi da na watsa labarai suka ba makarantun koyon sana'a kayan aiki da malamai, to masu shirya fim za su sami gwanaye a gida, matasa kuma su sami abin dogaro.