Gonar Manaja

Duk mai bin hanyar Samaru zuwa Shika da Giwa ya san irin gonakin da nake nufi: doguwar katanga ko waya mai ƙaya, ƙofar ƙarfe, tankin ruwa a sama, layin mangwaro ɗan aure, sai maigadi da rediyonsa. Ka tambayi mutanen ƙauyen ta wane ce, su ce "ta Manaja ce." Wani ƙusan banki ke nan, yana Abuja ko Legas. Da can yakan zo ƙarshen mako a yanka rago. Tun da masu garkuwa da mutane suka addabi yankin, sai dai ya bugo waya.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Kafin zuwan Turawa masu sarauta na zaune cikin birni, rinjinsu na ƙauye, bayi na noma. Amma rinji, duk da zaluncin da ke cikinsa, yana cika rumbu. Gonar Manaja kuwa asusu ce. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kallon naira na zubewa ya fi kowa sanin ƙasa ba ta ruɓewa, sai ya saye ya kewaye, ya zauna jiran gari ya iso.

Ba ƙyashin arzikinsa nake ba, Allah ya ƙara masa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne manomin da ya sayar masa da gonar gado, wataƙila don aurar da 'ya ko kuɗin asibiti. Da ya je bankunan da suka jeru a PZ cikin Sabon Gari neman bashin taki, abin da za a fara tambayarsa takardar mallaka ce mai sa hannun gwamna, wadda Dokar Filaye ta 1978 ta tanada. Shi ko shaidarsa mai unguwa da dattawa da kukar da ke kan iyaka. Ƙasar da ba ta isa jingina ba a hannunsa, tana shiga hannun Manaja ta samu takarda, banki ya karɓe ta hannu bibbiyu. Tsohon mai gonar ya koma ɗan ƙwadago, in ma an ga damar noma ta.

Ga shi kuma a Samaru ake binciken noma tun 1922. Cibiyar IAR ta fitar da masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da gyaɗar SAMNUT, cibiyar binciken dabbobi kuma na nan Shika, tafiyar 'yan mintoci daga ƙofar Manaja. Mai jari irinsa ne ya kamata ya fara gwada su, maƙwabta su gani su ɗauka.

In ba zai noma ba, ya ba mutanen ƙauyen haya ko aro, da yarjejeniya a rubuce gaban dagaci. In ya ƙi, gwamnatin Kaduna ta ninka masa harajin fili duk daminar da ta wuce gonar na kwance.