Ra'ayinmu: Allurar ƙara tsayi, kada garin neman gira a rasa ido

Tarihin allurar sinadarin girma ya isa ya sa hukumomin lafiya su yi taka-tsantsan. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1985, ana samo sinadarin ne daga wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar mamata, a yi wa yaran da girmansu ya tsaya. An dakatar da shi bayan cutar Creutzfeldt-Jakob ta ɓulla, wadda ta hallaka fiye da mutum 200 a duniya. A Janairun 2024 kuma masu bincike a Landan suka ba da rahoton mutum biyar da aka yi wa tsohuwar allurar suna yara, waɗanda suka kamu da cutar mantuwa ta Alzheimer tun kafin tsufa.

Wanda ake haɗawa a ɗakin gwaji tun 1985 ba ya ɗauke da wannan haɗari. Binciken SAGhE na 2020, wanda ya bibiyi mutum sama da 24,000 a ƙasashen Turai takwas, bai ga ƙaruwar mace-mace a jimlace ba a tsakanin waɗanda ba su da wata babbar cuta tun asali, ko da yake ya ja hankali kan cututtukan jini da na magudanarsa. Wato magani ne mai amfani, amma a hannun likita, bayan gwaji, tare da bibiya ta shekaru.

A unguwar Makama da ke Yola ko a Jimeta, yaron da ya gaza tsayin tsaransa galibi ba wannan sinadari ya rasa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma tushen matsalar shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan rashin lafiya. Allura ba ta maye gurbin abinci.

Don haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ta wadata Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da kayan gwaji da ƙwararrun likitocin yara, ta kuma buɗe rajistar duk yaron da aka ɗora kan maganin. NAFDAC ta sa ido kan masu tallarsa a intanet da sunan ƙara tsayi ko dawo da ƙuruciya. NHIA kuwa ta ɗauki nauyin tsirarun da gwaji ya tabbatar suna bukatarsa.

Jami'an da ke tsara kasafin lafiya a Abuja su ne za su iya sanya waɗannan a rubuce. Rigakafi ya fi magani.