Wa Ya Ba Gawarka Takobi?

Makon nan ni aka miƙa wa alƙalami, kuma zan fara da wata kunya da na sha.

Watannin baya na kai gajeren labari zaman karatu na ƙungiyarmu. Labarin yaƙi ne. Wani hatsabibin boka ya je tsohuwar maƙabarta a bayan garin Gumel cikin dare, ya yi surkullensa, kaburbura suka tsage, matattu suka fito ƙwarangwal riƙe da takubba da garkuwa suka nufi gari. Na karanta ina ji da kaina, aka kuwa tafa mini. Da tafi ya lafa sai wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin makaranta, ya gyara zama ya ce, "Ɗana, ka taɓa raka gawa?" Na ce, "Sau da yawa, Baba." Ya ce, "To a cikin waɗanda ka raka, wa aka binne da takobi?"

Ban sami amsa ba. Duk wanda ke ɗakin ya san yadda muke binne mamaci: a yi masa wanka, a naɗe shi da likkafani, a sallace shi, a ɗauke shi a makara, a sa shi a kabari a jera itace ko tukwane a rufe da ƙasa, yawanci a ranar da ya rasu. Ko zobe ba a bar masa. To daga ina rundunata ta samo makamai?

Na san daga inda ta samo. Daga wayata ne.

Akwai wani wasa da Turawa ke yi wanda na daɗe ina kallonsa a YouTube. Manya ne, masu aure da 'ya'ya, suke tara ƙananan mutum-mutumin sojoji na roba, kowane bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kimanin santimita uku. Ana sayo su a gutsure, launin toka. Mutum zai haɗa su da gam, ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya da siririn burushi, har ya tara runduna. Sai a jera su a kan babban tebur da aka yi wa tuddai da bishiyoyi, mutum biyu su gwabza yaƙi bisa dokokin da ke cikin littafi. Da tef ɗin awo irin na tela ake auna tafiyar soja, da 'ya'yan ludo masu ɗigo-ɗigo ake gane ko sara ya samu. Wasan ba na jiya ba ne, don tun 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin dokokin yaƙi da sojojin wasa. Amma wanda ya fi shahara yau shi ne Warhammer, na kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, hedikwatarsa kuma yanzu tana Nottingham. A 1983 suka fara fitar da wasan. Suna da gasar fenti mai suna Golden Demon tun 1987, suna kuma da gidan ɗab'i na kansu, Black Library, inda ake biyan marubuta su rubuta littattafai a kan waɗannan 'yan sojojin roba.

A cikin rundunonin wasan akwai na matattu masu tafiya. Ɗaya daga ciki ana kiranta Tomb Kings, wato sarakunan kushewa: ƙwarangwal a kan keken doki, da kambun zinariya da baka da mashi. Su na kwaso na juye a bayan Gumel ba tare da na tambayi kaina komai ba. Su kuwa waɗanda suka ƙirƙire su sun yi tambayar. A kan tsohuwar Masar suka gina su, inda ake binne fir'auna da dukiyarsa da makamansa. Lokacin da aka gano kabarin Tutankhamun a 1922, har da kekunan doki da bakuna da wuƙaƙe aka tarar a ciki. Mataccen Masar ya tashi da makami, akwai dalili. Mataccen Gumel ya tashi da makami, marubuci ne bai yi aikinsa ba.

Ra'ayina ke nan, kuma a kansa nake son mu tattauna: yawancinmu masu rubuta labaran yaƙi da na ban tsoro muna aro dodannin wasu mutane ba tare da mun san abin da ya haife su ba, kuma mai fentin 'yan sojojin nan yana da darasin da zai koya mana.

Ku lura da yadda yake aiki. Da farko zai shafe mutum-mutumin da fenti ɗaya don sauran su kama. Sai ya sa wa kowane sashe launinsa. Sai ya tsiyaya fenti mai duhu mai ruwa-ruwa ya shige lungu da saƙo don inuwa ta fito. Daga ƙarshe ya goge burushi har ya kusa bushewa, ya shafa a kan tudun ƙashi don ya yi haske. A kowane mataki sai ya yanke hukunci. Ƙashin nan fari ne ko ya yi ja? Ya danganta da ƙasar da ya kwanta a ciki. Takobin nan ya yi tsatsa ko ya yi kore? Ya danganta da ƙarfe ne ko tagulla. Tsumman da ke kafaɗarsa fa, saurar rigar wace runduna ce? Ba shi da damar ya ce "wani mummunan abu mai ban tsoro" ya wuce. Burushi ba ya karɓar wannan jimlar. Alƙalami kuwa yana karɓa, shi ya sa muke samun wurin ɓuya.

Kuɗin sayo irin waɗannan kaya daga Ingila ya fi ƙarfina, don haka na koma ga abin da muka sani tun muna yara. Wane ne a cikinmu bai taɓa ɗebo yumɓu a bakin kududdufi bayan ruwan sama ya gina sa mai tozo, ko raƙumi, ko doki da mahayinsa ba? Mu kan shanya su a rana, mu yi musu mashi da tsinke, mu jera su mu yi yaƙi har a kira mu cin tuwo. Na tafi da ɗan yayana muka ɗebo yumɓu, na zauna in gina jarumi ɗaya tak daga cikin rundunar labarina. Kafin in gama kansa na tsaya. Rawani zan sa masa ko kwalkwali? Ban sani ba. Shafi goma sha biyu na rubuta a kansa, ban san abin da ke kansa ba.

Daga nan tambayoyi suka yi ta fitowa. Idan ba daga maƙabarta ya fito ba, sai dai wanda ya faɗi a fagen fama ba a samu an binne shi ba. Wane fagen fama? Tarihinmu bai rasa su ba. Gumel masarautar Mangawa ce da ta jingina da Borno, ba ta shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba, kuma a ƙarni na 19 ta sha gwabzawa da Haɗejiya da Damagaram. Mahayan wancan zamani suna sa sulke da lifidi, irin waɗanda har yau muke gani a hawan Sallah. Lifidi auduga ce aka ɗinke, gara ba za ta bar shi ya shekara a ƙasa ba. Sulke ƙarfe ne, zai yi tsatsa ya manne. Layu fata ce, za ta bushe ta tsage. Ranar Alhamis na shiga kasuwar Maigatari, na bar wajen shanu da raƙuma na tafi wajen dawaki, na tsaya ina kallon yadda ake ɗaura sirdi da linzami, da inda ƙafar mahayi ke zama a likkafa. Abin da na gani a awa ɗaya ya fi abin da na kwaso a bidiyo ɗari amfani ga labarina.

Na san za a kawo mini suka uku, bari in tare su.

Na farko, za a ce ai ƙirƙira ce, marubuci na da 'yancin yin abin da ya ga dama. Gaskiya ne, amma mai karatu ma na da 'yancin ajiye littafi. Bahaushe zai yarda da kai cewa doki ya tashi sama, zai yarda aljani ya ɗauke gari guda ya kai bayan teku, muddin ka kafa dokar duniyarka ka tsaya a kanta. Abin da ba zai yafe ba shi ne ka yi masa kuskure a abin da ya sani da hannunsa. Mutumin da ya taɓa zuba ƙasa a kabarin mahaifinsa ba za ka gaya masa yadda kabari yake ba.

Na biyu, za a ce to aro haramun ne? Ko kusa. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da Indiya ya zuba a Magana Jari Ce, amma ya sa musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga tatsuniyar Rasha aka samo shi. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya fara da yaƙin Turawa na gaske kafin ya shige duniyar aljanu. Marubutan littattafan yaƙi irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun nuna cewa masu son irin wannan labari suna nan da yawa. A yi aro, amma a san abin da aka aro. Zombin da muke gani a fina-finai daga Haiti ya fito, daga zukatan bayin da ke tsoron a ci gaba da bautar da su a gonakin rake ko bayan sun mutu. Fim ɗin George Romero na 1968 ne ya buɗe ƙofar wannan mai cin naman mutane da aka saba gani yanzu. Kowane dodo tsoron mutanensa yake ɗauke da shi. In ka ɗauko dodon ka bar tsoron a can, fanko ka kawo.

Na uku shi ne addini, kuma shi ya fi nauyi. Hani a kan sassaƙa siffar mai rai sananne ne. Sananniya ce kuma ruwayar da ta nuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana har da doki mai fukafukai, wadda malamai da yawa suka kafa hujja da ita wajen sassauci ga kayan wasan yara. Ni ba malami ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da yumɓu ba ya bar shi, takarda da biro sun isa. Sannan mun yi imani matacce ba ya dawowa duniya sai ranar tashin alƙiyama, mai karatunka ma haka ya yi imani. Wasu na ganin wannan ya ɗaure mana hannu. Ni gani nake ya ba mu aiki mai daɗi, domin dole ka amsa: to wannan da ke tafe cikin siffar marigayi, mene ne shi? Aljani ne ya ari kamanninsa? Rufa-ido ne na boka? Ko kuwa mutumin bai mutu ba tun farko? Kowace amsa labari ce daban.

In muka duba abin da ke tsorata mu da gaske, ba ruɓaɓɓiyar gawa ba ce. Fatalwar da kakanninmu ke ba mu labari cikin farin likkafani take. Baƙon kasuwa da ake raɗe-raɗin aljani ne kamarsa ɗaya da kowa, sai ka dubi ƙafarsa ka ga kofato. Maye maƙwabci ne ko ɗan uwa, mai gaishe ka da safe. Tsoronmu na abin da ya yi kama da na gida ne. Mu mazauna bakin iyaka kuma muna da wani tsoro da ya fi waɗannan: wanda ya tafi bai dawo ba, ba gawa, ba jana'iza. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Da yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito, nan maƙwabtanmu. Waɗannan an gan su, an binne su. Wasu nawa ne ba a gani ba? Ku yi tunanin matar da ba ta san ko ta shiga takaba ko ta ci gaba da jira ba, sai wata rana da magariba aka yi sallama da muryar mijinta. Wannan sallamar ta fi ƙwarangwal dubu tayar da tsikar jiki, kuma babu wanda zai rubuta ta in ba mu ba.

Ga aikin da nake ba mu na makon nan. Kowa ya ɗauko halitta ɗaya mai ban tsoro daga rubutunsa, ya bi ta daga kai zuwa ƙafa kamar mai fenti. Me ke kanta? Wane launi? Wa ya ɗinka abin da ta sa, a wane gari, a wane zamani? Me ya lalace a jikinta, me ya lalata shi? Wane tsoro na mutanenmu take ɗauke da shi? Duk inda ka ji amsar ita ce "haka na gani a fim", ka sa alama, nan ne aikinka yake. Ba duk amsoshin za su shiga labari ba, wataƙila biyu ko uku kawai, amma mai karatu zai ji cewa ka san sauran.

Ni dai na sake rubuta nawa. Rundunar ta tafi, saura mahayi ɗaya, kuma bai fito daga maƙabarta ba. Zan kai wa Baba a zama mai zuwa, in Allah ya kai mu, in ji wace tambaya kuma zai yi mini. Ku ajiye naku a ƙasa mu duba tare. Allah ya ƙara mana basira, ya jiƙan magabatanmu.