Daga Bakin Majinyaci Zuwa Lambar Cuta: Gurbin Hausa a Horon Jami'an Bayanan Lafiya

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke kusa da Ƙofar Mata ya san cewa ba likita ake fara gani ba. Ɗakin kati ake fara zuwa. A nan ake tambayar suna da shekaru da unguwa, a buɗe fayil, kuma nan fayil ɗin yake komawa bayan an sallami majinyaci domin a sanya wa cutarsa lamba. Jama'a na kiran ma'aikatan wannan ɗaki masu ba da kati, alhali sana'a ce mai horo da lasisi. Dokar soja mai lamba 39 ta 1989 ce ta kafa hukumar da ke yi musu rajista, kuma a Kano Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da makarantar da ke horar da su har matakin difloma. Abin da wannan maƙala take ƙorafi a kai shi ne, ana gudanar da horon da Ingilishi, alhali kusan rabin aikin da Hausa ake yin sa, kuma masana Hausa ba su ɗauki wannan giɓi a matsayin nasu ba.

Ɗalibin wannan fanni yana koyon sassan jiki, da kalmomin likitanci masu tushen Girkanci da Latin, da ƙididdiga, da Kundin Rarraba Cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato ICD. A bugu na goma na kundin, zazzaɓin cizon sauro yana tsakanin B50 da B54, amosanin jini D57, yoyon fitsari N82.0. Waɗannan lambobi su ake tarawa su zama alƙaluman da gwamnati ke dubawa wajen sayen magani da rarraba ma'aikata. Ashe kuskuren ɗakin kati ba ya tsayawa a ɗakin kati.

A fara da suna. Mutum guda yana iya zuwa yau a rubuta Muhammad, gobe Mohammed, wata rana Mamman, in kuma matarsa ce ta kawo shi ta ce Malam ko Baban Wane, saboda alkunya ta hana ta kama sunan miji, kamar yadda take hana uwa kama sunan ɗan fari. Tsohuwar da aka sani da Ladi ko Talatu tun tana jaririya tana da sunan yanka da ba ya fitowa sai ranar ɗaurin aure. Ɗanladi da Danladi, ga kwamfuta, mutum biyu ne. Shekaru kuwa sau da yawa kintata ake yi, sai dai jami'in da ya san tarihin gari ya tambaya ko an haifi mutum kafin rasuwar Sarki Alhaji a 1953, ko bayan yaƙin basasa. Adireshi a lungunan Yakasai da Mandawari da Alfindiki ba lambar gida ba ne, kwatance ne: bayan masallacin wane, kusa da gidan mai unguwa. Sakamakon duk wannan shi ne mutum ɗaya ya mallaki fayil biyu ko uku, tarihin cutarsa ya rarrabu, likitan da ya gan shi yau bai san maganin da ya taɓa yi masa illa bara ba. Nazarin sunaye da laƙabi da alkunya tsohon fage ne a sassan Hausa na jami'o'i, an rubuta kundaye masu yawa a kansa, amma suna kan kanta a ɗakunan karatu, ba su isa inda za su hana wannan ɓarna ba.

Sunayen cututtuka sun fi wuya. Idan Bahaushe ya ce yana fama da shawara, yana iya nufin rawayar ido kawai, wadda lambarta R17, ko kumburin hanta da ke tsakanin B15 da B19, ko zazzaɓin shawara, A95, wanda dole a sanar da hukuma da gaggawa. Basir a bakin jama'a ya wuce tsiron dubura, ya haɗa da ciwon ciki da kasala da raunin mazakuta. Sanyi kuwa kusan rumbu ne, ana zuba ciwon gaɓɓai da cututtukan mara da wasu na saduwa a cikinsa. Tun 1988 Lewis Wall ya nuna a littafinsa kan magungunan Hausawa cewa rabe-raben cuta na Bahaushe yana da tsarin kansa, ba ya hawa daidai kan na asibiti.

Za a iya cewa mai sanya lamba ba ruwansa da furucin majinyaci, abin da likita ya rubuta yake bi, kuma galibin ɗaliban Hausawa ne. Gaskiya ne, amma da sauran magana. Inda babu gwaji, abin da ke cikin fayil sau da yawa fassarar ƙorafin majinyaci ce da aka yi a tsaye, a gurguje, kuma jami'in da ya san faɗin kalmar shawara shi ne zai koma ya tambayi likita maimakon ya jefa ta ƙarƙashin lambar da ta fi kusa. Jin Hausa daban, sanin iyakar ma'anar kalma da iya rubuta ta bisa ƙa'ida daban. Banda haka, akwai lokacin da ba a da komai sai magana. A watan Afrilun 2020, da mace-mace suka yawaita a Kano, masu haƙar kabari ne suka fara ba da labari, ba rajistar asibiti ba. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, fiye da rabi a gida suka cika, kuma an danganta kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari da korona. Ta hanyar tambayar iyalan mamata aka kai ga wannan hasashe, wato da kalmomin su sarƙewar numfashi da zazzaɓi da gajeriyar rashin lafiya. Ingancin alƙaluman ya rataya ne a kan ingancin fassarar.

Ba fassara kundin ICD gaba ɗaya ake nema ba. Bugu na goma sha ɗaya, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, yana da lambobi kusan 17,000, kuma likitoci za su ci gaba da rubutu da Ingilishi. Abin da ake bukata ya fi wannan sauƙi: kwas ɗaya a manhajar difloma kan sunayen Hausawa da ƙa'idar rubuta su da kalmomin cuta, da ƙaramin ƙamus da zai nuna kowace kalma da jerin lambobin da take iya faɗawa ƙarƙashinsu, da gurbi a fayil inda za a rubuta ƙorafin majinyaci da harshensa kafin a fassara. Hukumar kula da ilimin fasaha da ke Kaduna ce ke amincewa da manhaja, saboda haka can za a kai ƙoƙon bara. Amma ƙamus ɗin ba ya jiran izinin kowa. Cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, tana iya fara tattara kalmomin daga bakin majinyata da ma'aikatan jinya da masu magani na Kasuwar Kurmi, tare da likitocin da za su tantance su, kuma daga tsohon matsugunin jami'ar zuwa Asibitin Murtala tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita-sahu.