Labarin Gishiri Da Isnadinsa

A watan Yuli na shekarar 2014 wani matafiyi, Patrick Sawyer, ya sauka Ikko daga Laberiya da cutar Ebola a jikinsa. Kafin a shawo kanta mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a Ikko da Fatakwal. Cutar ba ta ƙetaro Arewa ba. Abin da ya ƙetaro shi ne labarin gishiri. Cikin wani dare a farkon watan Agusta wayoyi suka yi ta ƙara a gidaje, ɗan'uwa yana ta da ɗan'uwa daga barci, wai a tashi a yi wanka da ruwan gishiri kafin asuba, a kuma sha, shi ne makarin annoba. Hukuma ta ƙaryata, amma an riga an sha. Jaridu suka ba da labarin rasuwar mutum biyu aƙalla, wasu kuma aka kwantar da su asibiti, domin gishiri mai yawa haɗari ne, balle ga mai hawan jini.

To, abin lura ga malamai a nan shi ne, akasarin waɗanda suka kai saƙon nan ba maƙaryata ba ne. Uwa ce ta kira ɗanta, aboki ya kira amininsa, kowa da kyakkyawar niyya. Malaman hadisi sun san wannan ramin tun da daɗewa. Ba su wadatu da cewa mai ruwaya mutumin kirki ne ba, sai sun tambaya daga wa ya ji, shin ya sadu da shi, shin ya kiyaye abin da ya ji ko ya ƙara. In silsila ta yanke a tsakiya, ko aka sami wanda ba a san shi ba, sai su ajiye maganar kome daɗinta. Da an bi saƙon gishiri ta wannan hanya, da kafin a kai mutum na uku an ga ba shi da kai.

Fatake ma sun san haka a kasuwa. Ba wanda zai ba baƙo kaya bashi sai an sami dillali ko mai gida da ya tsaya masa. Amma ga shi nan, mai wannan tsantseni da dukiyarsa, shi ne zai tura wa mutum ɗari magana marar mai gida.

Kamfanin WhatsApp ya sa alama a kan saƙon da aka turo tun 2018, a 2019 kuma ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda. Wannan yana rage gudu ne kawai. Yaron da ba a koya wa tambaya ba, alama ba ta tsai da shi.

Saboda haka ya kamata malami, bayan an jingine alluna, ya karanto wa manyan almajirai saƙo ɗaya daga cikin masu yawo a gari, su bi shi tare. Wa ya fara faɗa? Yaushe, a wane gari? In hoto ne, na bana ne ko tsoho aka tono? In magani ne, wane likita ya tsaya masa da sunansa? Wanda ya kawo labari a zaure aka tambaye shi isnadi ya rasa, a umurce shi ya koma wurin wanda ya turo masa ya tambayo, sa'an nan ya dawo wa ɗalibai da amsa ran Asabar.